Jiƙo ne, tsimi ne, ko shan ruwa? Kan kalmar masareshan

Habibu: Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya yau kwana uku. Ina fassara ɗan littafin kalmomin kimiyya domin ɗalibai, sai na ci karo da kalmar da Turawa ke kira masareshan har a wuri uku. A babin sarrafa inabi an ce barin ɓawon inabi ne cikin ruwansa. A babin haɗa magunguna an ce zuba saiwa ko ganye ne a ruwa ko barasa a rufe. A babin jinya kuma fatar gefen gyambo ce da ta yi fari ta yi laushi. Na farko da na biyu na rubuta "jiƙo" na wuce abina. Da na iso na uku sai kalmar ta ƙi zama, don ba a cewa fatar mutum ta yi jiƙo. Shin ma'ana ɗaya ce ni ne ban gano bakin zaren ba, ko kuwa abubuwa uku ne suka sa riga ɗaya?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Na magani da na jinya a yi mana bayani mu ƙaru. Amma na giya fa, Habibu? Ni dai raina bai kwanta da a buɗe wannan babin ba.

Habibu: Allah ya gafarta Malam, ba don a koya wa kowa dafa ta na kawo ba. Ɗalibin kimiyya zai tarar da kalmar a littafinsa ko na fassara ko ban fassara ba. Gara ya same ta da Hausar da ta fito da ma'ana.

Malam Lawal, mai haɗa magunguna: Habibu, fara daga tushe. Kalmar daga Latin take, macerare, wato a tausasa abu ta hanyar jiƙa shi. Laushin shi ne asali, ka riƙe wannan.

A wajenmu kuwa ma'anarta a ƙayyade take. Ka daka saiwa ko ɓawo ko ganye, ba lukui ba, ɗan ɓarza-ɓarza. Ka zuba a kwalba, ka kwarara masa abin da zai ja maganin, ko ruwa, ko barasa, ko gaurayen su biyun, ko mai. Ka toshe bakin, ka ajiye a zafin ɗaki, kana girgizawa lokaci-lokaci. Tsohuwar ƙa'idar Ingila kwana 7 ce, ta Amurka aƙalla kwana 3. Sai ka tace, ka matse tuƙar, ka haɗa ruwan matsi da na farko, ka sake tacewa. Babu wuta ko kaɗan. In ka zuba tafasasshen ruwa ka rufe na 'yan mintoci, sunansa daban. In ka ɗora a wuta ya yi ta tafasa, dahuwa ce. In ka sa ruwan yana ɗiga ta cikin garin maganin yana fita ta ƙasa, wannan ma da nasa sunan. Don haka "jiƙo" da ka rubuta a babinmu daidai ne, ban da abin gyarawa.

Abu ɗaya da ɗalibai ke yawan kuskurewa: suna zaton in aka ƙara kwanaki ƙarfi zai yi ta ƙaruwa. Ba haka ba ne. Maganin yana fita daga saiwar ne saboda a cikinta ya fi yawa, a ruwan ya fi ƙaranci. Da zarar na ciki da na waje sun yi kunnen doki, fita ta tsaya, ko wata shida za ka bar shi. Shi ya sa in ana son a tatse saiwa sosai, sai a tace a sake zuba mata sabon ruwa.

Istifanus: Barkanmu da war haka. Malam Nasiru, ina girmama damuwarka, zan tsaya kan kimiyyar abin kawai. Kimiyyar abinci na karanta a Faransa, kuma an tura mu aikin koyo na kaka ɗaya a wani gidan sarrafa inabi, don haka da idona na gani.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwan baƙin inabi ba ja ba ne. Ka matse ƙwaya ɗaya a farin faranti, ruwan garau zai fito. Jan yana cikin ɓawo. 'Yan nau'o'i kaɗan ne naman cikinsu ma ja ne, irin Saperavi na ƙasar Jojiya. Shi ya sa ake iya yin farar giyar shamfen da baƙin inabi, in an matse an raba ruwa da ɓawo nan take. To babban bambancin da ke tsakanin farar giyar inabi, da mai ruwan hoda, da ja wur, tsawon zaman ɓawo ne cikin ruwan. Mai ruwan hoda awoyi kaɗan ne zuwa kamar kwana ɗaya. Ja kuwa daga 'yan kwanaki zuwa makonni. Masu yin jar giyar Barolo ta gargajiya a arewacin Italiya kan bar shi wata guda ko fiye. A Jojiya farin inabi ma ba sa raba shi da ɓawonsa, sai su zuba a manyan randunan ƙasa da aka binne, kwebri suke ce musu, ya yi wata biyar ko shida, ya fito ruwan zuma. Hukumar UNESCO ta sa wannan hanyar cikin kayan gadon duniya a 2013.

Abubuwa biyu ne manya ke fita daga ɓawon, kuma ba tare suke tafiya ba. Launi, wato antosayanin, ruwa kawai yake so, cikin kwanakin farko ya kai ƙarshensa, daga nan ma ya ɗan ja baya. Tanin kuwa, mai baurin nan da ke ɗaure baki, wanda irinsa majema ke jeme fata da shi, a hankali yake fita, musamman na ƙwallayen ciki, sai barasa ta fara taruwa tukun take jawo shi. Ka duba ganyen shayi a kofi: launi ne ke riga fita, in ka manta da shi sai bauri ya biyo.

Aikina a can shi ne danna hula. In yis ya fara cin sukari, iskar kabon na tasowa ta tura ɓawon duka sama, ya dunƙule ya yi kauri har ka ga kamar za ka iya takawa, wannan ita ce hular. In ka sa hannu ciki za ka ji ɗumi, ya fi ruwan ƙasa zafi. In an bar shi haka ba ya jiƙuwa, sai ya bushe ya fara warin tsami. Safe da yamma sai mu hau bakin tanki da doguwar sanda mai faifai a ƙarshe, mu yi ta nutsa shi. Tafin hannuna ya yi sati uku yana shuni. Kuma ba a barin mutum ya leƙa ko ya shiga tanki shi kaɗai, don iskar ba ta da launi, ta fi iskar shaƙa nauyi, kwanciya take a ƙasa, kuma ta sha kashe ma'aikata.

Ni a ganina "tsimi" ya fi dacewa da wannan babin.

Malam Lawal: Ɗan'uwa Istifanus, na ƙaru ƙwarai, amma tsimi ban yarda ba. Tsimi a kunnen Bahaushe abu ne da ya daɗe har ya canza hali. In ka ce tsimi ka cakuɗa aiki biyu: fitar launi daga ɓawo daban, aikin yis daban.

Istifanus: A takarda daban suke, Malam. A tanki lokaci ɗaya suke faruwa, zafi ya kai digiri 25 zuwa 30, barasar da yis ke yi ita ce kuma ke jan tanin. Ka ce a wajenku babu zafi, mu kuwa da zafi. Ka ce kwalba a toshe shiru, mu namu yana ta kumfa.

Malam Lawal: Amma ai kuna iya raba su in kun so.

Istifanus: Wannan gaskiya ne. Akan sanyaya inabin zuwa wajen digiri 10 na 'yan kwanaki don yis ya yi barci, launi ya fita shi kaɗai. Akan kuma bar ɓawon bayan yis ya gama aikinsa. To ga wanda zai rikita mu duka: akwai wani nau'in masareshan da ake jingina wa iskar kabon, kuma shi ba a zuba inabin cikin ruwan komai. Nonon inabi ake sakawa ɗungurungum ba a fasa ba, a cika tanki da iskar, a rufe. Ƙwayar da ta rasa iskar shaƙa sai ta fara sarrafa sukarinta da kanta daga ciki, ba yis, har barasa ta kai kamar kashi 2 cikin 100, tsaminta ya ragu. Wani masani Bafaranshe, Michel Flanzy, shi ya yi gwajin a 1934, kuma yankin Bojole na Faransa ne ya yi suna da irin wannan. Na taɓa ciro ƙwaya ɗaya bayan kwana shida na tsaga ta da farce. Naman da na sani fari ya koma ja-ja, ɓawon ya kode. Ina jiƙo a nan?

Malam Lawal: Ka ba da amsar da bakinka. Ɓawon ya jiƙu ne a ruwan ƙwayarsa, daga ciki. Kowace ƙwaya ta zama kwalbar kanta.

Malam Nasiru: Na yi shiru ina karantawa, kuma wannan rabewar da Malam Lawal ya nace a kai ta tuna mini abin da muka karanta a hadisi. A Sahihu Muslim, Ibnu Abbas ya ruwaito cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura sai ya sa a shayar ko a zubar. Nana A'isha kuma ta ce sukan jiƙa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Ashe iyakar da malamai suka yi ta bayani a kanta ita ce wannan: zaƙi da launi su fita cikin ruwa abu ne guda, ruwan ya fara kumfa ya yi ƙarfi wani abu ne daban. Habibu, in za ka rubuta, ka raba su da kyau. Ina goyon bayan jiƙo, kada a sa tsimi. Damuwata ta farko tana nan game da sha, amma na ga amfanin sanin.

Habibu: Na gode Malam. Saura barasa mai ƙarfi, ita ma littafin ya ambata a layi biyu kawai.

Istifanus: Ita ta fi kusa da aikin Malam Lawal. A nan barasar an riga an gama ta, jiƙa kayan ƙamshi kawai ake yi a ciki. Hanya biyu ce. Ko a jiƙa a tace shi ke nan, kamar limoncello na kudancin Italiya, inda ake fere saman ɓawon lemon tsami, rawayan kawai, a bar farin don ɗaci gare shi. Haka masu Dijon a Faransa ke yi da wasu baƙaƙen 'ya'yan itace. Ko kuma a jiƙa sannan a ɗora a wuta a tari tururin ya koma ruwa. Barasar da ake kira jin haka ake yawan yin ta da 'ya'yan junifa. Kamfanin Beefeater awa 24 yake jiƙa kayansa, Bombay Sapphire kuwa ba ya jiƙawa sam, a kwando yake zuba su tururi ya ratsa. Tururi ƙamshi kawai yake ɗauka, launi da yawancin ɗaci a tukunya suke zama, shi ya sa take fitowa garau. Absint, wata koriyar barasa mai ƙarfi wadda Faransa ta taɓa haramtawa a 1915, sau biyu ake jiƙa ta: na farko kafin wuta, na biyu bayan wuta da wasu ganyaye don koren ganye ya rina ta.

Malam Lawal: Kuma dalilin da ya sa mu ma muke amfani da barasa a wasu magunguna ke nan. Akwai mai da ƙaro a jikin tsiro da ruwa ba ya narkarwa. Na biyu, ba ta barin ƙwayoyin cuta su yi girma. Jiƙon ruwa zalla a yininsa ake amfani da shi, in ya kwana biyu ya zama gonar ƙwayoyin cuta. Tarihin magani da na barasa sun daɗe a cakuɗe. Likitan Ingila Thomas Sydenham a ƙarni na 17 cikin ruwan inabi ya jiƙa ofiyom da za'afaran da kirfa da kanumfari ya yi maganin ciwonsa da ya shahara. Yau wanda ba ya son barasa akan yi masa da gilisarin, sai dai ba kowane sinadari take ja kamar barasa ba.

Zainab: Malam, ɗalibarka ce a wannan fanni ko da ba ka san ni ba. Don Allah tambaya. In dahuwa ta fi sauri, me ya sa za a zauna jiran kwana bakwai?

Malam Lawal: Zainab, kin yi tambaya mai kyau, kuma amsarta ta ceci miliyoyin rayuka. A 1967 ƙasar Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzabin cizon sauro. Wata masaniya, Tu Youyou, da abokan aikinta suka gwada tsirrai masu yawa. Akwai wani ɗan dangin tazargade da suke kira cinhao, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Ta koma tsofaffin littattafai, ta tarar da rubutun Ge Hong, wani masanin magani na ƙasar Sin a ƙarni na 4, inda ya ce a ɗebi ganyen cikin hannu, a jiƙa a ruwa, a matse, a shanye. Bai ce a dafa ba. Nan ta yi tunanin ko wuta ce ke lalata maganin. Ta koma amfani da sinadarin eta, wanda ke tafasa a wajen digiri 35 kawai. A watan Oktoba na 1971 samfurinsu na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar kakaf a jikin ɓeraye. Daga nan aka samo atemisinin, tushen magungunan zazzabin da duniya ke dogaro da su yau, ita kuma aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk sanda na ba da labarin nan a aji sai na ji tsigar jikina ta tashi, don kalma ɗaya ce ta lura da ita, jiƙa ba dafa ba.

Amma kada wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa ganye ya ba yaro mai zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen don magani ko rigakafi. Ba ka san yawan abin da ya fita cikin kofin ba, kuma maganin da bai kai ƙima ba koya wa cutar jure masa yake yi.

Sista Rakiya: Sallama gare ku. Yanzu na sauko daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Ku duk abin da ya fita cikin ruwa kuke nema, tuƙar ku zubar. Mu kuwa tuƙar ce majinyacinmu. In muka rubuta kalmar nan a fayil, ba abin murna ba ne.

Kwanan baya aka kawo mana wani dattijo mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa. 'Ya'yansa don ƙauna suka naɗe ƙafar da leda a kan bandeji, wai kada ƙura ta shiga. Da na warware, gyambon kansa bai fi kan babban yatsa ba, amma fatar da ke kewaye da shi, faɗin yatsu biyu, ta yi fari fat, ta kumbura, ta tattare kamar takardar da ta kwana a ruwa. Na ɗora auduga a hankali, sai ga fatar ta biyo audugar. Cikin mako ɗaya gyambon ya ci duk inda ya yi farin nan.

Abin da ke faruwa shi ne, saman fata matattun ƙwayoyi ne jere kamar tubali, da maiƙo a tsakaninsu. In ruwa ya daɗe a kai sai su sha su kumbura, maiƙon ya wanke, katangar ta saki. Ruwan tsohon gyambo ma ya fi ruwan famfo ɓarna, don yana ɗauke da sinadaran da ke narkar da nama. Haka fitsari da gudawa ke yi wa jariri ko tsohon da ke kwance, haka gumi ke yi a matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa. Sojojin da suka yi kwanaki tsaye cikin ramuka masu ruwa da sanyi a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 da yawa sun rasa yatsu, har da ƙafafu, ko da yake a nasu sanyin ma ya taɓa jijiyoyi.

Wahalar aikin ita ce busar da gyambo ƙayau shi ma kuskure ne. Tun 1962 George Winter ya nuna a fatar aladu cewa raunin da aka rufe ya riƙe danshi ya fi wanda aka bari ya yi ɓawo saurin rufewa. To sai ka nemi tsakiya: cikin raunin da danshi, gefensa a bushe. Mukan sa abin rufi mai shan ruwa, mu shafa man zinki a kewaye, mu riƙa canzawa kafin ya jiƙe sharkaf. Kuma don Allah mai ciwon sukari ya daina tsoma ƙafa a ruwa yana zaune. Ya wanke, ya goge tsakanin yatsu sosai.

Zainab: Anti, to tattarewar yatsu in an daɗe ana wanki, ita ce ke nan?

Sista Rakiya: Farin da laushin, e. Amma tattarewar kan yatsu da hannun jijiya a ciki. Tun shekarun 1930 likitoci suka lura cewa yatsan da jijiyarsa ta yanke ba ya tattarewa a ruwa. Hanyoyin jini ne ke tsukewa fatar ta lotsa. Wannan da ka fito ya bushe ya wuce, ba ciwo ba ne. Habibu, mu dai a bakin aiki cewa muke "fatar ta sha ruwa", kowa kuma yana ganewa.

Malam Nasiru: Larabawa ma raba su suka yi. Na zabibi da ganye naƙa'i suke cewa, na fata kuma ta'aɗɗun.

Maman Fadila: Assalamu alaikum. Ban taɓa magana a nan ba, karatu kawai nake yi. Na yi ta rubutawa ina gogewa. Akwai wuri na huɗu da ba ku ambata ba. Shekara huɗu ke nan na haifi ɗa namiji ba rai, cikin wata tara. A takardar sallama na ga wannan kalmar an rubuta kusa da shi. Na tambayi wata ma'aikaciya, tana tafiya ta ce mini, "Ai ya ruɓe ne a ciki." Ba su bari na gan shi ba. Da na dawo gida na nemi ma'anar a waya, sai bayanin inabi da giya ke fito mini. Har yau in na tuna "ya ruɓe" sai in ji kamar cikina ne ke da wani datti da ya lalata shi. Don Allah in akwai wanda ya sani ya gaya mini gaskiya.

Malam Nasiru: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki ladan haƙuri.

Sista Rakiya: Allah ya sa mai ceto ne, 'yar'uwa. Bari in kira Hajiya, fanninta ne.

Hajiya Binta, ungozoma: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa mai ceto ne. Shekarata 31 ina karɓar haihuwa, ki saurare ni da kyau. Ɗanki bai ruɓe ba. Wadda ta gaya miki haka ta yi kuskuren kalma, kuma ta yi kuskuren yadda ake magana da uwar da ta yi rashi.

Ruɓewa aikin ƙwayoyin cuta ne. Jaririn da ke cikin mahaifa, muddin jakar ruwan ba ta fashe ba, a wuri mai tsabta yake. Abin da ke faruwa shi ne, yana da rai fatarsa na kare kanta daga ruwan da yake kwance a ciki. In rai ya fita sai kariyar ta tsaya, fatar ta sha ruwa ta yi laushi, saman ta ya fara saluɓewa, kamar dai yadda Sista ta kwatanta. Daga wajen awa 6 akan fara ganin alamar, tana ƙaruwa da kwanaki. Wannan yana faruwa ga kowane jariri da ya rasu a ciki, a kowace ƙasa, ko cikin wace ce.

Mu abin da ya sa muke rubutawa, lokaci muke son sani. In fatar lafiya lau take, mukan ɗauka bai wuce kamar awa 12 da rasuwa ba, wato galibi a wajen naƙuda abin ya faru, sai mu binciki kanmu da yadda aka kula da naƙudar. In ta sha ruwa, alama ce ya rasu tun kafin naƙuda, sai a duba wajen hawan jini, ko ciwon sukari, ko mabiyiya, ko cibiya, ko wata cuta. Ba ma'auni ne marar kuskure ba, don doguwar naƙuda kan rikita lissafin. Kuma sau da yawa ana bincike ba a gano dalili ba. Kalmar ba ta faɗin dalili, ba ta kuma ɗora wa kowa laifi. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2021 jarirai kusan miliyan 1.9 aka haifa ba rai, fiye da kashi 40 cikin 100 a lokacin naƙuda. Ba ke kaɗai ba ce.

Batun gani kuma, haƙƙinki ne a tambaye ki. Ni nakan naɗe jaririn a zane mai laushi, in fara gaya wa uwar yadda fatar take don kada ta firgita, sannan in ce ko tana so. Wata takan ce a'a, wata takan riƙe ɗan hannunsa kawai. Na yi baƙin ciki da ba a ba ki wannan zaɓin ba.

Maman Fadila: Mama, na karanta sau uku ina kuka. Kwana biyu kafin nan na ji motsinsa ya ragu, na ce ko barci yake.

Hajiya Binta: Mata da yawa haka suke zato, don ba a gaya musu ba, kuma babu mai iya tabbatar miki cewa da kin je da an same shi. Kada ki ɗaura wa kanki wannan dutsen. Abin da nake gaya wa kowace mai ciki shi ne, in motsi ya ragu ko ya canza, a ranar za ta je a saurari bugun zuciya, ba sai gobe ba. In Allah ya sake ba ki, ki faɗa musu wannan tarihin tun zuwan farko, za su sa miki ido fiye da da.

Habibu: Mama Hajiya, Anti Maman Fadila, Allah ya saka da alheri. Littafin da nake fassarawa bai kawo wannan ma'anar ba sam, amma zan nemi izini in ƙara ta. Na rubuta "jaririn da ya jiƙu a ciki". Ya yi?

Hajiya Binta: A'a ɗana, cire "jiƙu", ba a faɗa wa ɗan mutum haka. Rubuta "jaririn da ya jima da rasuwa a ciki, fatarsa ta yi laushi saboda ruwan mahaifa".

Maman Fadila: Don Allah ka ƙara cewa ba ruɓewa ba ce. Ka rubuta shi a fili yadda ma'aikatan ma za su gani.

Istifanus: Allah ya ta'azantar da ke, 'yar'uwa. Habibu, a babin inabi na janye tsimi, sa "jiƙon ɓawo". Na iskar kabon ne dai har yanzu ban gamsu ba, Malam Lawal, zan turo maka hoton ƙwayar da na tsaga mu sake dubawa.

Hajiya Binta: Kafin ka miƙa shafin ka turo mini. Ina da ɗalibai biyu sababbi a ɗakin haihuwa, zan karanta musu in ji abin da suka fahimta.